Matar da Ruwa Ya Tono

Salmanu Jinjiri yana duƙe cikin gonar gyaɗarsa yana cire ciyawa, da hantsin wata Asabar, aka zo aka ce masa Mai unguwa na nemansa maza, an sace matar nan ta ɗakin taki. Ya miƙe ya kakkaɓe hannuwansa. Bai tambayi wace mata ba, don duk Tudun Marke babu wanda bai san da ita ba, ko da yake babu wanda ya san sunanta.

Ruwan farkon damina ne ya tono ta. Ambaliya ta ci gefen kwazazzabon da ke bayan gari, wajen hanyar Wagini, sai ga ƙasusuwan mutane sun leƙo daga cikin jar ƙasa, a wurin da ko tsofaffin gari ba su taɓa jin an ce akwai makabarta ba. Kwanciyarsu ma daban take, a naɗe suke, gwiwa kusa da haɓa. Mai unguwa Abdulmumini ya kai magana Batsari, daga can ta wuce gaba, har wata jami'a ta turo mutum biyu. Akwai Dakta Nusaiba, wadda aikinta shi ne duba tsofaffin ƙasusuwa don gane irin cututtukan da suka dami mutanen zamanin da can, akwai kuma abokin aikinta Almustapha. Suka zo da takardun izini, suka gaida Mai unguwa da Liman, aka yi alkawarin in sun gama za su mayar da kowa ƙasa. Kabari ɗaya suka fara ɗagawa, wanda ruwa ya fi ci. Mace ce, da mundayen tagulla a hannunta, kuma a cikin ƙugunta akwai wasu 'yan ƙasusuwa sirara kamar na kurciya. Aka shimfiɗa ta bisa tebur a tsohon ɗakin ajiyar takin zamani, aka sa kwaɗo, aka ɗauki wani mutumin gari, Barau, gadi.

Shi Salmanu ubansa manomi ne, uwarsa Bafulatana. Wajen kawunansa ya girma yana bin shanu, a nan ya koyi karanta ƙasa. Daga Wagini har Yasore, in sa ya ɓace ko an kwance jaki, shi ake nema. Sunan Jinjiri tun yana goye ya bi shi, ga shi har gemu ya yi furfura bai rabu da shi ba. Shekarar ta yi masa daɗi. Ruwa ya sauka yadda ake so, gero ya rufe mutum, hanyoyi sun lafa bayan shekarun da aka sha wuya, matan ruga sun koma kawo nono cikin gari. Wannan zaman lafiyar ne ya fara faɗo masa a rai lokacin da ya hango taron da ke ƙofar ɗakin taki.

Kowa da nasa ɓarawon. Samari suna nuna sawun shanu a bayan ɗakin, suna cewa garken Sada Bafulatani ne, a je rugar a zazzage bukkoki. Wasu na cewa Barau ne ya sayar wa matsafa. Dattawa kuma suna magana ƙasa-ƙasa, wai mutanen birni ne suka sace kayansu da kansu don kada su cika alkawari. Barau na tsaye jikin bango, hularsa a hannu, yana rantsuwa babu mai saurarensa.

Salmanu ya gaida Mai unguwa, ya roƙi a ja da mutane baya, kada a ƙara taka wurin. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya daɗe yana kallon laka. Jiya Juma'a bayan la'asar an yi ruwa mai ƙarfi, ya shafe duk abin da ke ƙasa. Bayan ruwan, abin da ya taka bakin ƙofar nan silifas ɗin Barau ne, yana kai da kawo, sai kuma sawun Dakta na safiyar nan. Kwaɗon lafiyarsa lau, ba a fasa shi ba.

Ya shiga ciki tare da Dakta Nusaiba. Mace ce gajera mai sanyin magana, idanunta sun yi ja, amma ta daure ta nuna masa komai. Kyamara na nan, fitila na nan, ba a taɓa su ba. Teburin kuwa wayam, an ma goge shi. A gefe guda an jera mundayen tagullar, an wanke su tas. An share daɓen ɗakin tun daga kusurwa har bakin ƙofa.

Mai unguwa ya leƙo ya ce ai ɓarawo ya share ne don ya ɓatar da sawu. Salmanu ya duba bayan ƙyaure, ya duba waje, bai ga inda aka zubar da sharar ba. Dakta ta ce ita ma abin da ya ɗaure mata kai ke nan. Ƙasar da ta kakkaɓe daga jikin ƙasusuwan, wadda ta tara a ƙarƙashin tebur, ita ma an kwashe. Ta ɗauki munduwa ɗaya ta juya ta a hannu.

"Waɗannan a manne suke da ƙashin hannu, ƙasa ta kama su kamar siminti," in ji ta. "Ni kaina na ji tsoron cire su, kada ƙashin ya karye. Wanda ya cire su jiƙa su ya yi, ya zauna ya jira. Ba cikin gaggawa yake ba."

Salmanu ya riƙe wannan a ransa, ya fita ya ja Barau gefe, ƙarƙashin dalbejiya.

Barau ya fara da rantsuwar da yake ta yi tun safe, cewa tun magariba bai matsa ba, ko fitsari a bayan ɗakin ya yi. Salmanu ya ce masa ya yarda, ƙasa ta shaide shi, babu wanda ya shiga ɗakin bayan ruwa. Abin da yake son ji shi ne inda yake da rana. Barau ya sosa ƙeya. Can ya ce shi ma Musulmi ne, ya tafi Juma'a Wagini kamar kowane namiji a garin, ya ga da rana tsaka wa zai taɓa ƙashin matacce. Makulli kuwa yana aljihun rigar aikinsa, wadda ya rataye a ɗakin matarsa Hansai da ya sa kayan Juma'a. Da ya dawo ya same shi inda ya bar shi. Ya roƙi Salmanu kada ya faɗa wa Mai unguwa, aikin nan ne ke riƙe masa gida kafin kaka. Salmanu ya ce zai faɗa in lokaci ya yi, amma zai faɗa yadda ba za ta cuce shi ba.

To, da rana aka yi satar, lokacin da maza suka watse. Nan zuciyarsa ta karkata ga Almustapha, domin shi ma bai je Wagini ba. An gan shi da safiyar Juma'a ya hau babur ya yi hanyar Safana, da akwati ɗaure a baya. Kuma kowa ya ji shi kwanaki yana jayayya da Dakta a gaban mutane, yana cewa a ƙauye ba za a iya aikin kirki ba, a kai ƙasusuwan birni inda akwai na'urori.

Ya same shi a masaukinsu yana goge gilashin ido. Almustapha ya amsa gaisuwa a taƙaice, ya ce akwatin ƙasar gwaji ce da batura da suka mutu, ya kai caji. Ya ce har yanzu ra'ayinsa bai sauya ba, da an saurare shi da ba a yi wannan asarar ba, amma shi ba ɓarawo ba ne. Dakta ta ce ita ta kulle ɗakin da hannunta kusa da azahar, bayan tafiyarsa, matar tana kan tebur. Salmanu ya san mutanen gari ba za su karɓi shaidar ɗaya a kan ɗaya ba. Ya ari babur ya yi Safana.

Tafiyar ba ta haifar da abin da ya zata ba. Mai shagon caji ya ce baƙon mai gilashi ya yini a kan bencinsa, a gabansa ya buɗe akwatin, tare suka yi sallar Juma'a, bai tashi ba sai da ruwa ya ɗauke. Salmanu ya yi wa kansa dariya, ya sayi tsire ya ƙunsa wa matarsa Maijidda, ya juyo. Gonaki kore shar hagu da dama, iska na kaɗa gero. Duk da abin da ke gabansa, ya ji daɗin hanyar.

Bai shiga gari ba, ya ratse zuwa ruga. Sada ɗan kawunsa ne, tare suka yi kiwo suna yara. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka dama fura da nono mai kauri, aka gaisa tun daga mutane har maruƙa. Labari ya riga ya iso, matan ruga ba su shiga gari da ƙwarya ba ranar nan, kuma Sada ya sa an matso da garke kusa da bukkoki. Ya ce shanunsa sun bi ta bayan ɗakin taki, gaskiya ne, domin bayan ruwa mashigar kwazazzabo ta cika, dole ya zagaya. Salmanu ya ce ya gani, kofaton a kan laka yake, kuma bai tsaya ba.

Hankalin Sada ya kwanta, hira ta sake. Ya shiga ƙorafin da ya saba, wai mutanen gari sun iya zargi amma ba su ganin tasu ɓarnar. Ga magaryar nan ta bayan tudu, inda awakinsa ke kiwo, jiya an tsige mata ganye, an kuma sassare rassan ƙaya an ja, ko sannu babu.

Salmanu ya ajiye ludayi. Ya tambaye shi wace magarya, ya yi godiya, ya tashi tun furar ba ta ƙare ba.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya isa. Ya zagaya bishiyar a hankali. Akuya daga ƙasa take fizgar ganye, ta bar guntaye. Wannan kuwa daga sama aka tsiga, reshe-reshe, da hannun mutum. Can gaba kaɗan akwai wani faffaɗan dutse da aka daka ganyen a kansa, korensa ya kama dutsen, ruwan sama bai gama wanke shi ba. Kusa da dutsen an haƙa ɗan rami an mayar da ƙasa. Ya tona da yatsa. Laka ce mai kumfar magarya, da ɗan ƙamshin kafur.

Ya zauna a kan dugadugansa. Ruwan magarya da kafur, a zuba shi cikin rami a rufe, ya san inda ake yin haka. Nan take mundayen da aka jera a gefen tebur suka faɗa masa abin da suke nufi. Ɓarawo da su zai fara gudu. Mai tsafi kai zai ɗauka ya bar sauran. Mutum ɗaya ne ke zare wa mace kayan ado a hankali ya ajiye wa masu ita, ya kuma ƙi barin ko ƙurar jikinta a ƙasa.

Ya bi layin da rassan ƙaya suka ja, har ƙarƙashin wata tsamiya mai duhun ganye, sama da inda ambaliya ke kaiwa. A nan ya ga sabon kabari, ɗan gajere, an lulluɓe shi da ƙaya don kada karnuka su tona. Ruwa bai ratsa tsamiyar sosai ba, sawu ya tsira. Sawun mata biyu ne. Ɗaya mai ƙarfi, dugaduganta sun nutse saboda kaya. Ɗayar kuwa ƙafarta ta hagu tana buɗewa waje, da ɗigon sanda a gefenta. Bai buƙaci ya sunkuya ba. Wannan ƙafar ta shiga gidansa duk lokacin da Maijidda ta durƙusa haihuwa.

Inno Hassana, ungozomar gari kuma mai wankan gawar mata, tana zaune a tsakar gidanta tana ɓarar gyaɗar miya lokacin da ya yi sallama. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta tambayi Maijidda da yara ɗaya bayan ɗaya. Bai san ta inda zai fara ba. Ita ta taimake shi.

"Ka je tsamiya ke nan," ta ce, ba ta ɗago kai ba.

"Na je, Inno."

"Ka taɓa?"

"Ban taɓa ba. Na gyara ƙayar da iska ta ture."

Ta ce Allah ya yi masa albarka. Sai ya gaya mata abin da ba ta sani ba, don ba ta fita ranar nan: samari na shirin zuwa ruga, matan Sada sun ji tsoron shigowa gari, ana maganar a miƙa Barau ga 'yan sanda. Hannunta ya tsaya cak a cikin ƙwarya. Ta ce ita ba ta yi don a taɓa kowa ba, ta ɗauka za a ga mundayen a gane. Ta ce ya je ya gaya wa Mai unguwa ya tara mutane gobe, za ta zo da ƙafarta.

Washegari bayan la'asar ƙofar gidan Mai unguwa ta cika. Liman na gefensa. Barau ya rakuɓe a ƙarshen tabarma, Sada ya zo da dattawan ruga biyu, sanduna a kafaɗa, Dakta da Almustapha suna kan benci. Samari sun yi cirko-cirko a baya.

Salmanu ya miƙe ya yi bayani ba tare da ado ba. Ya ce an ɗauki matar kafin ruwan Juma'a, shanun Sada kuwa bayan ruwa suka wuce, don haka ruga ta fita. Ya ce Almustapha a Safana ya yini, shi da kansa ya je ya tabbatar, kuma ya nemi afuwarsa don ya zarge shi. Ya ce Barau ya bar gadi ya tafi masallaci, ya yi salla a sahu ɗaya tare da rabin waɗanda ke zarginsa, wannan ne kawai laifinsa. Sannan ya faɗi abin da ya gani a gindin magarya, ya ce matar ba a sayar da ita ba, ba a kai ta birni ba, tana kwance ƙarƙashin tsamiya cikin likkafani.

Wani saurayi ya tambaya wa ya yi. Kafin Salmanu ya buɗe baki aka ji ƙarar sanda. Mutane suka dare, Inno ta shigo, Hansai na biye da ita ta rufe rabin fuska da mayafi. Barau ya saki baki yana kallon matarsa.

Aka ba Inno tabarma. Ta zauna, ta gaida Mai unguwa da Liman, sannan ta ce ita ce, Hansai umarninta ta bi, ta ɗauko makulli ta kuma yi haƙa, in akwai hukunci a kanta ya tsaya. Ta ce ranar Alhamis a bakin rijiya ta tarar da samari sun haɗa kai a kan waya suna dariya. Ta leƙa, sai ta ga hoton matar ne da suka ɗauka ta taga, sun matso da wurin ƙugunta, inda ɗan yake.

"Ranka ya daɗe, tun ina da ƙarfina nike karɓar haihuwa a garin nan," ta ce. "Waɗanda suka sauka lafiya na wanke masu jarirai. Waɗanda ba su sauka ba na wanke su su kansu. Ban taɓa barin ko ɗaya a buɗe ba maza na leƙe. Wannan ɗiyar ta mutu kan gwiwa, ɗanta bai fito ba. Don ta daɗe a ƙasa ba ta zama namiji ba."

Samarin suka sunkuyar da kai. Liman ya yi gyaran murya, ya tambaye ta ko ta san mai yiwuwa matar nan ta riga zuwan Musulunci ƙasar nan.

"Ban yi mata salla ba, Malam, wannan ba hurumina ba ne. Sutura na yi mata."

Liman ya gyaɗa kai, ya ce ɗan Adam yana da alfarma a raye da mace, ko wane ne shi.

Almustapha ya nemi izini. Cikin ladabi ya ce ya fahimci Inno, amma aikinsu ba wasa ba ne. Sanin abin da ya kashe matan da can yana taimakawa a gane abin da ke kashe na yanzu, kuma wannan damar in ta wuce ba ta dawowa. Wasu dattawa suka ce shi ma ya faɗi gaskiya.

Dakta Nusaiba ta sauko daga benci ta zauna a ƙasa gaban Inno. Ta ce ta nemi izini a ofisoshi, ta nemi na Mai unguwa da na Liman, amma ba ta shiga gida ko ɗaya ta tambayi mata ba, alhali ita ma mace ce, kuma ko labule ba ta sa a tagar ba. Ta ce ba za ta nemi a tona kabarin ba. Daga nan ta buɗe jakarta ta fito da ɗan ƙunshi, ta kwance. Haƙori ne guda. Ta ce ranar Alhamis ta cire shi don gwaji, babu wanda ya san yana hannunta. Ta ajiye shi a kan tabarmar Inno, ta ce a yi yadda mata suka ga dama da shi.

Inno ta daɗe tana kallon haƙorin. Sannan ta ce, "Ɗiyata, ke da kika dube ta, mi kika gani?"

Dakta ta faɗa mata. A jikin haƙoran akwai layuka da ke nuna matar ta sha yunwa mai tsanani tana ƙarama, har girmanta ya tsaya. Ƙafarta ta taɓa karyewa, aka yi mata ɗori mai kyau ya warke sumul, wato tana da masu sonta da suka zaunar da ita suka ciyar da ita. Amma yunwar yarinta ta bar mata ƙugu matsattse, kan ɗan bai sami hanya ba.

Inno ta riƙe haɓa. Ta ce ta sha ganin irin wannan naƙudar, amma ba ta taɓa sanin daga kwanon yarinya abin ke farowa ba. Ta juya ta dubi Hansai, wadda ke da 'ya'ya mata ƙanana a gida, Hansai ta kawar da kai.

Mai unguwa ya ce maganar ta fi ƙarfin zaure. Aka shiga da ita cikin gida, inda matan gari suka riga suka taru suna saurare ta bayan katanga. Maza suka zauna suna jira, abin da ba su saba ba, Sada ya fito da goro ya rarraba. Da matan suka gama, Inno ta fito da shawararsu. Matar tsamiya a bar ta ta huta. Haƙorin Dakta ta tafi da shi, ta ji abin da zai faɗa, ta dawo da shi da kanta. Sauran kaburburan da ruwa ke ci a ɗaga su a duba, don in an bar su kwazazzabo zai tafi da su, amma a sa labule, in mace ce mata su riƙe ta, kuma a mayar da kowa ƙasa kafin a fara girbi. Hotunan da ke wayoyin samari a goge su yanzu, a gaban kowa.

Aka goge. Mai unguwa ya bar Barau a kan aikinsa, ya ce ranar Juma'a ya riƙa kawo makulli zaure. Salmanu ya ƙara da cewa waɗanda suka ambaci ruga da safe su raka Sada gida su gaida matansa. Suka tafi suna jan ƙafa, suka dawo da ƙoshin fura. Barau dai ya yi kwanaki yana yi wa Hansai fushi, wai ta bar shi yana rantse-rantse a gaban jama'a, har Maijidda ta je ta shirya su.

Aikin ya ci gaba yadda aka tsara. Almustapha ya yi gunaguni da farko, daga baya shi ne ke ɗaukar wa Inno kujera zuwa bakin kwazazzabo. Kafin gero ya nuna an mayar da kowa ƙasa a kan tudu, baƙin suka tafi.

Sai da aka cika rumbuna Dakta ta dawo. A zauren Mai unguwa ta ba da labarin haƙorin, ta ce ya nuna matar gero ne abincinta, kuma tana shan nono. Sada ya ce ai tasu ce, Mai unguwa ya ce nonon saye ta yi, aka yi ta dariya har Liman. Maganar mayar da haƙorin kuwa ba a gayyaci namiji ba.

Washegari da safe Salmanu ya bi ta bayan tudu da jakinsa zai ɗauko karan dawa. Ya tsaya nesa da tsamiya, idonsa ya sauka ƙasa kamar yadda ya saba. Sawun mata ne birjik, na gari da na ruga, ya san kusan kowace. Ga sandar Inno, ga Hansai, ga Maijidda ma da ta ce masa gidan suna za ta. A cikinsu akwai wata ƙafa da bai taɓa gani ba, 'yar siririya mai taushi, tana taka ƙasa a ɗarare saboda ba ta saba da ƙaya ba. Ya bi ta da ido baya-baya har bakin inuwa, inda ya ga gurbin takalma biyu da aka tuɓe aka ajiye. Daga nan har bakin kabarin, ba takalmi Dakta ta taka.

Ya yi murmushi, ya buga wa jakin kara, suka wuce gona.